Ranar da Na Wanke Zanen Bakura

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis ta tsakiyar damina, ranar da na tsaya a tsakar gidanmu da ke unguwar Umarari a Maiduguri, gaban mata sun fi talatin, kwalba a hannun dama, farin ƙyalle a hannun hagu, ina washe baki ana ɗaukata hoto. Da ana sayen rana a goge ta daga rayuwar mutum, wallahi da tuni na sayar da ɗan abin da na mallaka na saye ta. Ni da sana'ata ta zama koya wa mutane fitar da tabo, wannan tabon dai ya gagare ni har yau.

Bari in faro daga farko. A shekarun da gari ya rikice, lokacin da ba ma iya kiran sunan masu abin sai dai mu ce "yaran nan" murya ƙasa-ƙasa, na gama difloma ina zaune a gida. Ba aiki, ba miji, sai baki. Sai wata ƙungiya, cikin waɗanda suka cika Yerwa, wato Maiduguri, a lokacin, ta buɗe wa 'yan mata bita ta kwana biyar a kan tsaftace gida ba tare da sinadarai masu cutar da mutum da muhalli ba. Tsakani da Allah, ba kishin muhalli ne ya kai ni ba. Na ji an ce ana ba da abincin rana, kuma ɗakin taron akwai sanyin esi.

Me aka koya mana? Toka tana fitar da baƙin tukunya. Kanwa tana yanke maiƙo. Lemun tsami da gishiri suna kashe funfuna. Ganyen dogon yaro yana korar ƙwari daga cikin kaya. A buɗe taga iska ta shiga, a fito da shimfiɗa ta sha rana. Wato duk abin da kakata ta yi ta yi har ta koma ga Allah ba tare da kowa ya ba ta satifiket ba. Amma da yake da Turanci aka faɗa, kuma da majigi aka haska mana a bango, sai na ji kamar ni na gano abin. Ranar ƙarshe aka ba mu riga mai tambari da jaka. Na dawo gida kaina ya kumbura, da ƙyar na shige ƙofar zaure.

Mahaifiyata, Hajja, ta saurare ni har na gama zuba, sannan ta ce, "Fero, toka aka tara ku kwana biyar ana koya muku? Da sun zo wurina ai da na rage musu wahala." (Fero yarinya ke nan da Kanuri. Ko na shekara hamsin na san haka za ta kira ni.)

Na ce, "Hajja, ba za ki gane ba. Wannan kimiyya ce."

Ta ce, "To, Allah Ya ba kimiyya sa'a."

Gidanmu a da mu tara ne. A wannan shekarar mun haura talatin, domin duk ɗan uwan da aka tasa daga garinsa, ƙofarmu yake nufa, Babana kuwa ba ya iya cewa babu wuri. Mata da yara a babban ɗaki, tabarma jikin tabarma, maza a zaure da rumfa. Masu cewa Maiduguri ba komai sai rana da rairayi, ba su taɓa zama a Umarari cikin watan Agusta ba. Ruwa ya kwanta a lungu, bango ya jiƙe har gwiwa, zani ya yini biyu a igiya bai bushe ba. Gishiri ya narke a cikin roba, takalmin da ka ajiye mako guda ka ɗauko shi ya yi gemu. Zafin kuma bai tafi ko'ina ba, yana nan, sai dai ya koma mai danƙo, ka fito wanka kana neman wani wankan.

Wannan ya fi komai cin ran Hajja. Macen Yerwa tun daga zaure ake gane gidanta da ƙamshi, ita kuwa Hajja har daga wasu unguwanni ake aiko mata neman turaren wuta. Amma a wannan daminar ko kasko uku ta kunna, warin danshi sai ya taso ya danne shi. Ba ta taɓa cewa uffan ba, don kada baƙinmu su ji kamar da su take. Sai dai in ga ta tsaya a ƙofar babban ɗaki ta ja numfashi, ta juya.

To ga ni na dawo da kimiyya. Na hana zuba bilic, sinadarin wankin nan mai ƙarfin wari, a banɗaki a rufe ƙofa, tarin da yara suke yi da safe ya ragu. Na goge tukwane da toka suka yi fes. Na sa aka fitar da tabarmi duk ranar da rana ta leƙo, na cusa ganyen dogon yaro a ƙarƙashin kowace katifa. Cikin mako biyu ƙamshin turaren Hajja ya fara dawowa. Nan fa matsalar take. Da abin bai yi aiki ba, da na nutsu. Da yake ya yi, sai na zama hukuma a gidan, ina zagayawa ina shinshine kayan mutane, ba sallama ba neman izini.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Ya Fanna, don ku san abin da ni ban sani ba a lokacin.

Ya Fanna 'yar uwar Hajja ce, kakarsu ɗaya. Daga wajen Bama ta zo mana, a ƙafa, da ƙunshi guda a ka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya ne a duniya, Bakura, saurayi mai zanen hula. Masu ɗinkin hula ba da ka suke yi ba. Sai mai zane ya fara fitar da fasalin a kan dogon farin ƙyalle, layi-layi, gida-gida, sannan mai ɗinki ta bi sawunsa da allura da zare, in an gama a naɗe ƙyallen ya zama jikin hula. Bakura yana zanawa, uwarsa tana ɗinkawa, da haka suke ci. Ranar da yaran nan suka shiga garinsu tare suka fito, a hanya jama'a suka watse, ta waiwaya ba ta gan shi ba. Shekara biyu ke nan a lokacin. Ba a ce ya mutu ba balle a yi mata gaisuwa, ba a ce yana raye ba balle ta yi barci.

A cikin ƙunshin da ta fito da shi akwai hula guda da ba a gama ba. Ita ce ta ƙarshe da ya zana, kuma kansa ya zana wa, ya ce da ita zai yi Sallah. Da yake kasuwa ta tsaya a garin, ko biro ya yi wuya, sai ya zana da tawadar da ake rubutun allo da ita, ta gawayi da ƙaro, wadda ko yawu ya taɓa sai ta tashi. Shi ya sa take naɗe ƙyallen cikin tsumma uku ta tura ƙarƙashin matashi. Duk Juma'a, idan maza sun tafi masallaci, sai ta yi wanka, ta goge hannunta ya bushe sarai, ta juya wa ɗaki baya ta buɗe. Wannan zanen shi ne kaɗai abin da hannun ɗanta ya taɓa da ya rage mata a duniya. Ko hotonsa ba ta da shi.

Duk matan gidan sun san wannan. Ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ba don an ɓoye mini ba. Shekara biyu muna gida ɗaya da matar nan, ban taɓa zama kusa da ita na minti biyar ba. Tsakanina da ita gaisuwar Kanuri ce kawai, "Wushe, Ya Fanna," ta amsa, in wuce. Na san dai ɗanta ya ɓace, amma a Yerwa ta lokacin wane gida ne ba a rasa wani ba? Kunne ya saba, zuciya ta yi kanta. Wannan ba uzuri ba ne, gaskiyar abin da ya faru ce kawai.

Ana nan sai shugabar bitarmu, Anti Saratu, ta ce kowace a cikinmu ta tara matan unguwarsu ta koyar da su, za ta zo ta gani da idonta, waɗanda suka fi ƙoƙari za a ɗauke su aiki. Ta ƙara da cewa, "Kada ku cika su da surutu. Ku nuna musu abu, ga shi kafin a wanke, ga shi bayan an wanke." Tawa ta faɗo ranar Alhamis bayan la'asar. Na bi gida-gida na gayyato mata, har da waɗanda suke zaune a kangon da ke bayan layinmu, mutanen garin su Ya Fanna. Na sayo lemun tsami kwano guda. Abu ɗaya ya rage mini: abin nunawa. Na riga na wanke duk wani abu mai datti a gidan, na rasa abin da zai ba da mamaki.

Da safiyar Alhamis ɗin aka ce an kawo wasu mutane da aka kuɓutar daga daji, an sauke su a wani sansani da ke bakin gari. Duk lokacin da aka ji irin wannan, Ya Fanna takan yafa lufayarta ta tafi, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi duk wanda zai iya magana. Hajja ta raka ta. Suna fita rana ta buɗe tas, irin wadda muka yi kwana shida ba mu gani ba. Na ce yau ɗakin mata zai san na yi bita.

Na fitar da tabarmi, na fitar da katifu. Da na ɗaga matashin Ya Fanna sai ga ƙunshi, warin danshi na tashi daga cikinsa. Na warware tsumma na farko, na biyu, na uku. (Mai hankali ai tun a na biyu zai tsaya ya ce abin da aka naɗe haka ba nawa ba ne.) Dogon ƙyalle ne, fiye da rabinsa an cike shi da ɗinki mai kyau, shuɗi da ruwan toka da ɗan ja, allura a soke a inda aka tsaya. Ragowar kuwa fari ne, sai siraran baƙaƙen layuka. Daga gefe funfuna ta ɗiɗɗiga masa, kore-kore, baƙi-baƙi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane hula ba ce. 'Yar Maiduguri ce ni, kullum ina wuce masu ɗinki a gindin dogon yaro. Na ga layukan, na kuma san zane ne. Sai dai na ɗauka biro ne kamar na kowa, wanda ko da sabulu sai an sha fama. Idona ba a kan zanen yake ba, a kan funfunar yake, raina har wani fari ya yi. Na ce alhamdulillahi, ga abin nunawa ya samu, kuma ga taimako zan yi wa baiwar Allah. Na ɗauko waya na ɗauki hoton "kafin". Na zare allurar na soke a bakin zanina. Na matse lemun tsami a ruwan ɗumi, na watsa gishiri, na tsoma ƙyallen.

Ko cuɗawa ban yi ba ruwan ya yi baƙi.

Kun san me na ce? Cewa na yi, "Kai! Dubi uban dattin da matar nan take kwana a kai!" Na ƙara dannawa, na ɗan murza. Da na ɗago shi, funfuna ta tafi, layukan ma sun tafi, ƙyalle ya yi fari ƙal kamar yau aka yanko shi. Gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma nan take na lallashi kaina: mai zane ai ba ya wuya a garin nan, gobe in kai a sake fitar mata da wani, ƙila ma wanda ya fi wannan. Na shanya shi a rana. Baƙin ruwan kuwa ban zubar ba, na ɗura shi a wata tsohuwar kwalbar turaren Hajja na toshe, don mata su ga shaida da idonsu.

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Anti Saratu ta zauna a kujera da tabarau da kyamara. Na sa rigata mai tambari a kan atamfa, gumi na bin bayana, na fara. Na yi toka, aka tafa. Na yi kanwa, aka gyaɗa kai. Wata ta tambayi maganin warin randa, na ba ta amsa har da ƙari. Bakina ya buɗe, Hausa na zuwa, Kanuri na zuwa, ina ɗan yayyafa Turanci don Anti Saratu ta san ba a yi asarar abincin rana ba. Sai na ɗauko babban makamina na ƙarshe.

Na ɗaga kwalbar sama na ce, "Iyayena, kun ga wannan ruwan? Daga ƙyalle ɗaya ya fito. Ƙyalle ɗaya tak! Kuma a ƙarƙashin matashi na same shi, a cikin gidan nan namu. Mutanenmu, musamman waɗanda suka zo daga ƙauye, akwai son ƙunshe tsummokara. A naɗe, a ɓoye, a kwana a kai, sannan a ce ciwo ya kama mutum. Abin da ba shi da amfani a yar, mai amfani a wanke!"

Sannan na warware ƙyallen da ɗaya hannun, na ɗaga shi yana reto. "Ga shi yanzu. Lemun tsami da gishiri kawai."

Na jira tafi. Anti Saratu ta ɗauki hoto, ƙyas. Ban da wannan ƙarar ba abin da ya motsa a gidan. Matan gidanmu da ke zaune gaba suka sunkuyar da kai, ɗaya ta toshe bakinta da gefen mayafi. Wata tsohuwa daga cikin mutanen kango, mai ɗinkin hula ce ita ma, ta miƙo wuya ta ƙura wa ƙyallen ido ta ce, "Yarinya, wannan ba hular Bakura ba ce? Ina zanen?"

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, da murmushina na ce, "Ai ya fita tare da dattin, Iya. Za a sake wani."

Tsohuwar ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ni take kallo ba, bayana take kallo.

Na juya. Hajja da Ya Fanna suna tsaye a bakin zaure, ƙafafunsu duk taɓo. Ban san tun yaushe suke wurin ba, amma fuskar Hajja ta gaya mini sun ji batun mutanen ƙauye da tsummokara. Ba sai an tambaye su yadda suka baro sansanin ba, da an dace ai da ba haka za su shigo ba. Matar da ta yini tana duba fuskokin mutane ba ta ga ta ɗanta ba, ta dawo gida ta tarar da ni ina kaɗa hularsa a gaban jama'a.

Hajja ta ce da ni da Kanuri, a hankali, yadda ban taɓa jin muryarta ba, "Hannun ɗanta ne kika wanke. Shi ke nan abin da ya bar mata."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta tsage a Umarari. Hannuna ya ƙi sauka. Na tsaya a haka, kwalba a sama, ƙyalle a sama, murmushin ya bushe a fuskata ya ƙi tafiya. Na so ta yi ihu. Na so ta zage ni, ta mare ni, ta tsine mini a gaban Anti Saratu, ko na samu abin da zan riƙe in ce an rama. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Ta tako a hankali, mata suna janye ƙafa suna ba ta hanya. Ta karɓi ƙyallen, ta shafa farin wurin da tafin hannu, ta juya bayansa ta duba, ta ɗaga shi saitin rana ta sake dubawa. Sannan ta dube ni, ta yi magana da Hausa, ita da ba ta cika yin Hausa ba:

"Ba ni ruwan."

Ban gane ba. Na tsaya ina kallonta.

"Ruwan da ke hannunki. Yana ciki."

Na miƙa mata kwalbar. Ta karɓa da hannu biyu, ta rungume ta a ƙirji tare da ƙyallen, ta shige ɗaki. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta miƙo hannu ta zare allurarta daga bakin zanina, ta koma.

Taro ya watse ba addu'ar tashi. Mata suka riƙa fita ɗaya-ɗaya, kowace ta biya ta ƙofar ɗakin ta ce, "Sannu, Ya Fanna, Allah Ya ba da haƙuri," kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Gaisuwar da ta shekara biyu tana ƙin karɓa, ni na jawo mata ita a yini ɗaya. Anti Saratu ta mayar da kyamararta jaka, ta dafa kafaɗata ta fita. Na zauna a gaban kwanon lemun tsamina na yi kuka, irin kukan da ba mai rarrashinka domin kowa ya san kai ka saya da kuɗinka. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Washegari Juma'a. Na tashi da dabara, don mai rawar kai ba ya rasa dabara: hoton "kafin"! Ai zanen yana cikin wayata. Da maza suka tafi masallaci na shiga ɗakin. Tana zaune inda ta saba, ta yi wanka, ta juya wa ɗaki baya, ƙyallen a cinyarta, kwalbar a gabanta. Na durƙusa na ce, "Ya Fanna, ki yafe mini don Allah. Na ɗauki hotonsa kafin in wanke. Zan kai wa mai zane ya kwaikwaya, layi bisa layi."

Ta karɓi wayar. Tare muka duba. Funfuna ce ta cika hoton, na matso da ita sosai, ta fito ɓaro-ɓaro har da gashinta. Zanen Bakura kuwa sai wani ɗan guntun layi a can ƙurya, bai kai tsawon farce ba. Ko a hoton ma datti na ɗauka.

Ta daɗe tana kallon guntun layin. Ta ɗora yatsa a kai, hoton ya zame, ta yi sauri ta janye hannu. Sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Ko ya fito duka, fero, wani hannun ba zai hau hular nan ba. Zauna."

Na zauna. Karo na farko ke nan cikin shekara biyu.

Ta ce, "Kin san hular nan aikin wata ɗaya ce a hannuna? Amma ɗinki uku nake yi duk Juma'a. Uku, in ajiye. Na yi wa kaina alkawari, ranar da na kai ƙarshen zanen, in bai dawo ba, zan ce wa babanki ya tara mutane a yi masa addu'a, in zauna in karɓi gaisuwa." Ta auna farin wurin da hannunta. "Saura taki ɗaya. Kullum in na buɗe sai in ga ya ragu, gabana ya faɗi. Wata Juma'ar har warware na baya nake yi."



Ta ce, "Yanzu babu ƙarshen. Ba inda zan kai in tsaya." Ta juya kwalbar, baƙin ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fara washewa. "Jiya na so in tsine miki, Allah Ya riƙe bakina. Yau kuma na tashi ban sani ba, cutata kika yi ko taimakona. In na gane zan gaya miki."

Har yau ba ta gaya mini ba, ni kuma ban da bakin tambaya.

Aikin? An ɗauke ni. Anti Saratu ta rubuta cewa na iya tara mata kuma na iya bayani, sauran ta bar shi a cikinta, Allah Ya saka mata. Shekara da shekaru ke nan ina yawo unguwa-unguwa, Dala, Ajilari, sansani-sansani, ina koyar da toka da kanwa da lemun tsami, kuma suna aiki, ban fasa yarda da su ba. Sai dai na ƙara darasi ɗaya da babu shi a littafin bita, da shi nake buɗewa: kafin ki tsoma abin wani a ruwa, ki zauna tukuna ki tambayi mai shi wanne ne dattin. 'Yan mata sukan yi dariya su ce wannan ai kowa ya sani. Nakan ce musu haka ne, ni ma da satifiket ɗina na sani.

Ya Fanna tana nan tare da mu, ta tsufa, ido ya fara ja baya. Labarin Bakura shiru. Ruwan kwalbar ya daɗe da ƙafewa, sai ɗan baƙi-baƙi da ya manne a gindinta, tana naɗe cikin tsumma ukun nan tare da hular. Ba ta ƙara ɗinki ko ɗaya ba, ba ta kuma ce a tara mutane ba. Abu guda ta yarda da shi daga cikin kimiyyata, shi ne rana. Damina na kamawa, duk Alhamis ɗin da gari ya buɗe sai ta miƙo mini ƙunshin ta ce, "Fero, a shanya. Ban ce a wanke ba."

Sai in shimfiɗa shi a kan tabarma, in jawo kujera in zauna a gefensa cikin zafin nan, gumi na zuba, ina gadi, kada wata mai satifiket ta zo wucewa.